ABIN DA BAƘON DAMAGARAM YA GANI A KUƊINMU

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shata wa bayinsa iyaka tsakanin ciniki da riba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan uwa Musulmi, Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da idanu. To amma kwanan baya mun yi baƙon da ya nuna mana akwai makantar da ta fi ta baƙo muni, ita ce makantar ɗan gari wanda sabo ya rufe wa ido. Baƙon namu malami ne daga Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, tare muka durƙusa gaban malamai a lokacin neman ilimi. Ya zo Dutse ɗaurin auren ɗaya daga cikin 'yan uwa, ya yi kwana tara a hannunmu. Ta Maigatari ya shigo ranar Alhamis, ranar da kasuwar dabbobi take ci, ya biyo ta Gumel da Gujungu da Jahun da Kiyawa. Bai ɓata bakinsa a kan tituna ko gine-ginen gwamnati ba. Abin da ya tsaya masa a rai, tun daga bakin iyaka har ranar da ya koma, shi ne kuɗinmu da yadda muke mu'amala da su.

Da fari abin raha ne. Ya fito daga gida da jika hamsin ta sefa, takardu biyar kacal a aljihun gaban rigarsa. Da ya miƙa wa ɗan canji a Maigatari sai aka turo masa tulin naira, har sai da ya nemi ledar da zai zuba. Ya ce na ɗan wani lokaci ya ɗauka ya yi arziki, sai da ya biya kuɗin mota, ya ci abinci a tasha, sannan ya gane buhun ƙaiƙayi aka ba shi. Ko a wajen ƙidaya sai da muka yi ta warwarar harshe. Jika a wurinsu sefa dubu ce, alhali jaka a wurinmu naira 200 ce, ragowar lissafin fam ɗari na zamanin da naira biyu take fam guda. Su har yanzu suna ƙirga da dala, kowace dala sefa biyar, sunan da aka gada daga dalar azurfa mai hoton sarauniyar Ostiriya wadda fatake suka yi ciniki da ita a ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa, kuma silallan dala goma da dala ashirin suna sayen abu a kasuwar Damagaram. Mu kuwa sule da sisi da taro da kwabo sun mutu, sai a bakin tsofaffi. Ya kwana tara a Dutse babu wanda ya ba shi ƙarfen kuɗi ko guda. In canji ya gagara sai a danƙa masa alewa ko ashana, ko a ce masa ya bar shi sai wani jiƙon.

Ya tambaye mu wace ce takarda mafi girma, muka ce ta naira dubu, wadda aka fito da ita a 2005. A waccan shekarar tana sayen fiye da dalar Amurka bakwai. A 2024 ko dala ɗaya ba ta kai ba. Sai ya yi shiru, sannan ya ba mu labarin mahaifinsa. Ya ce a wajajen 1980, lokacin da naira ɗaya take sayen fiye da sefa 300 a farashin hukuma, mutanensu naira suke binnewa a gwangwani domin tsaron dukiya, har zuwa Afrilun 1984 da gwamnatin soja ta Janar Buhari ta sauya launin kuɗi, ga iyakoki a rufe, aka bar su da takardun da ko wuta ba za su hura da kyau ba. A 2024 kuwa jika ɗaya ta sefa ta haura naira 2,000, mutanenmu ne suka koma neman sefa suna ɓoyewa.

Abu ɗaya ya faranta masa rai. Ya juya takardar naira dubu ya ga rubutun ajami, ya karanta da kansa, ya ce ashe Hausa ce aka rubuta da haruffan Larabci, kuma babu irin wannan a jikin sefa. Muka ba shi labarin yadda aka cire ajamin daga ƙananan takardu a 2007, aka kuma cire shi daga sabuwar naira ɗari ta 2014, da irin ƙorafin da Musulmi suka yi a masallatai da gidajen rediyo. Mai karatu ya riƙe wannan magana, za mu komo gare ta.

Ranar walima ce raha ta ƙare. A bakin ƙofar wurin da mata suke nasu taron, wani saurayi yana zaune da 'yar jaka a cinya, ya jera rafar sababbin kuɗi fil, 'yan ɗari biyu da 'yan ɗari biyar, mutane suna layi. Baƙonmu ya matsa ya yi sallama, ya tambaye shi abin da yake sayarwa. Saurayin ya ce, "Allah gafarta Malam, sababbin kuɗi ne na liƙi." Ya ce nawa rafar 'yan ɗari biyu? Aka ce masa dubu ashirin da shida. Ya ce nawa ne a cikinta? Aka ce dubu ashirin. Ya sake tambaya, ko bai ji daidai ba: naira dubu ashirin ce ake sayarwa naira dubu ashirin da shida? Saurayin ya yi murmushi ya ce, "Ai sana'a ce, Malam, mu ma saro su muke yi." Wallahi abin da ya fi yi mana ciwo shi ne saurayin nan ba baƙon fuska ba ne. Ga gemunsa, ga wandonsa bai wuce idon sawu ba, kuma mun sha ganinsa a sahun gaba. Baƙonmu ya juyo gare mu ya tambaye mu da Larabci, don kada ya kunyata yaron, a wace mazhaba aka halatta wannan. Muka sunkuyar da kai. Shekaru muna wuce irin wannan tebur a bakin wuraren biki da kasuwanni da jajibirin Sallah, ba mu taɓa tsayawa ba.

To ya 'yan uwa, tun da baƙo ya tambaya, wajibi ne mu ba da amsa a fili. Babu mazhabar da ta halatta shi. Sunansa a littattafan fiƙihu ribal fadli, wato ribar fifiko. Asalin hukuncin yana cikin hadisin Ubadatu ɗan Samitu (RA) wanda Muslim ya ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya ambaci zinariya da azurfa da alkama da sha'ir da dabino da gishiri, ya shar'anta cewa in za a musanya ɗayansu da jinsinsa to sai daidai wa daida kuma hannu da hannu, in kuwa jinsi ya saɓa to an yarda da fifiko amma sharaɗin hannu da hannu yana nan. Daga nan malamai suka fitar da babin da suke kira sarfu, wato canjin kuɗi, kuma duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin ya wuce ta kansa a babin ciniki. Naira da naira jinsi ɗaya ne, saboda haka ba a ƙara ko kwabo. Naira da sefa, ko da riyal, ko da dalar Amurka, jinsi biyu ne, saboda haka ɗan canji yana da damar cin ribarsa, muddin kowa ya karɓi nasa kafin a rabu.

A nan ma harshenmu yana da hannu a cikin ruɗanin. Balarabe yana da kalma biyu, ribhu ga abin da ɗan kasuwa ya samu ta halal, riba ga abin da Allah ya haramta. Bahaushe ya aro su duka biyu ya narkar da su suka koma kalma guda a rubutu, har ya zamana in ka ce wa mutum abin da yake ci riba ce sai ya ce alhamdu lillahi. Talaka ya ɗauka haramun ɗin kawai shi ne kuɗin ruwa na banki, shi kuwa da bai taɓa cin bashin banki ba ya tsira.

Mun san abin da za a ce, domin mun riga mun ji. Wasu masu ɗan karatu za su ce hadisin zinariya da azurfa ya ambata, naira kuwa takarda ce, don haka haja ce kamar atamfa. Gaskiya ne a ƙarni na 19, lokacin da kuɗin takarda suke sabon abu, an sami manyan malamai da suka yi taraddudi a kansu. Amma tun kafin su da ƙarnoni Imamu Malik ya rufe wannan ƙofa, domin ya zo a cikin Mudawwana cewa ko fatu mutane suka mayar kuɗin da suke ciniki da su, shi ba zai so a sayar da su da zinariya ko azurfa a kan jinkiri ba. Abin lura a wurinsa shi ne aikin da abu yake yi a hannun mutane, ba abin da aka ƙera shi da shi ba. Kakanninmu da wuri suka yi ciniki, ƙwanson dabbar teku, har kalmar kuɗi ita kanta jam'in wuri ce. A zamaninmu kuwa, bayan Amurka ta yanke alaƙar dalarta da zinariya a 1971, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna a shekara ta 1402 bayan Hijira, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ita ma ta zauna a Amman a 1986, duka suka tsaya a kan cewa kuɗin takarda kuɗi ne masu zaman kansu, hukuncin zinariya da azurfa yana hawa kansu a wajen riba da zakka. Wanda ya ce babu riba a naira, to lallai ya yarda babu zakka a cikinta, ya kuma yarda cewa ayoyin riba sun daina aiki tun ranar da aka daina ciniki da dinari. Muna neman tsarin Allah daga wannan magana.

Wasu kuma za su ce sabuwar takarda ta fi tsohuwa kyau, kyan nan ake saya. Wannan ita ce hujjar da aka rushe tun a Madina. Bilal (RA) ya taɓa kawo wa Annabi (SAW) dabino mai kyau, da aka tambaye shi inda ya samo sai ya ce sa'i biyu na maras kyau ya bayar aka ba shi sa'i ɗaya na mai kyau. Annabi (SAW) ya nuna takaici, ya bayyana masa cewa wannan ita ce riba tsantsa. Mutanen Dutse, garin da aka sani da dabino, sun fi kowa sanin bambancin mai kyau da maras kyau. In har wannan bambanci na gaske, wanda harshe yake ɗanɗanawa, bai halatta ƙari ba, ina ga bambancin takardar da mai shayi zai karɓa a matsayin ɗari biyu ko ta yi ƙyalli ko ta yi dauɗa? Haka hukuncin yake a ɗaya gefen, ga masu bi kasuwa-kasuwa suna sayen yagaggun kuɗi a kan rabin ƙimarsu su kai banki a ba su cikakku.

Sai masu cewa ladan wahala ce. Wannan ita ce maganar da take buƙatar natsuwa, domin dubban matasanmu da na'urar POS suke ciyar da iyayensu, kuma ba ma son mu haramta abin da Allah bai haramta ba. Malamai sun yi saɓani a kan la'adar mai POS. Abin da muka fi natsuwa da shi shi ne, wanda ya sayi na'ura, ya kama rumfa, ya ɗauki haɗarin ɗauko kuɗi daga banki, ya hutar da mutumin ƙauye tafiyar Dutse da bin layi, ya halatta ya karɓi sananniyar lada gwargwadon hidimarsa. Amma mai sababbin kuɗi wace hidima ya yi? Ka ba shi naira a hannu, ya ba ka naira a hannu, ya rage kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar. Sannan daga ina ya samo su, alhali kai da kake da asusu ka je banki an ce maka babu? Ta ƙofar baya suke fita, kowa ya sani. Babban Bankin Nijeriya da kansa ya amsa haka a Disambar 2024, lokacin da ya sanya tarar naira miliyan 150 a kan duk reshen bankin da aka kama yana zurara wa 'yan talla sababbin kuɗi. Dokar Babban Bankin ta 2007 ma, a sashe na 21, ta tanadi ɗaurin da bai gaza wata shida ba ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba ga mai liƙi da mai tallar naira. Abin kunya ne a ce dokar da ba ta san Alƙur'ani ba ta riga mumbarinmu yin magana.

Kada mai saye ya ɗauka ya kuɓuta. Hadisin Jabir (RA) a cikin Sahihu Muslim ya haɗa mai ci da mai bayarwa da marubuci da shaidu a cikin la'ana guda. Kuma me zai yi da su in ya saya? Zai watsa su a kan amarya da mawaƙa, a tattake su da ƙafa, yara su bi suna wawaso, a garin da ake samun gidan da ba a ɗora tukunya ba. Ya shiga riba domin ya yi almubazzaranci domin a gan shi: zunubi uku a rafa ɗaya.

Yaushe wannan cuta ta zama ruwan dare? Tana nan tun da daɗewa, amma farkon 2023 ne ya cire mata kunya. A ranar 26 ga Oktoban 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fito a tsakiyar Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Aka kwashe tsofaffi daga hannun jama'a, sababbi kuwa ba su wadata ba. Alƙur'ani ya ba mu labarin samarin kogo waɗanda suka aiki ɗayansu birni da azurfarsu ya sayo abinci, malaman tafsiri suka ce tsufan kuɗin ne ya tona asirinsa. Su sai da suka yi barcin shekara ɗari uku da tara kafin kuɗinsu su zama baƙi a kasuwa. Tsohuwar da ke ƙauyen Kiyawa ko Jahun, wadda ba ta da asusu, ba ta da waya, ta ƙulle kuɗin akuyarta a bakin zane, dare ɗaya ta kwana ta tashi nata suka zama baƙi. Mun ga manoma a kasuwar Shuwarin ranar Litinin suna karyar da hatsi da dabbobi ga duk wanda yake da tsaba a hannu. Mun ga mutum yana tura dubu goma a ba shi dubu takwas, wani lokaci ƙasa da haka, yana godiya. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki, daga baya ma aka cire wa'adin ɗungurungum. Kuɗi suka dawo, amma ɗabi'ar da aka koya a waɗancan makonni ba ta tafi ba: an gano cewa naira ma haja ce, kuma maƙwabcin da ke cikin matsi kasuwa ne.

Wanda yunwa ta tilasta wa bayar da ƙari a waɗancan kwanaki, muna fatan Allah ya yi masa uzuri saboda lalura. Wanda ya karɓa fa, wace lalura ce ta kama shi?

Ba mu wanke hukuma ba, kuma ba za mu wanke ta ba. Ita ce ummul haba'isin lamarin. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 zamanin Janar Babangida, wanda aka karɓo daga masu ba da bashin duniya, ake yanka naira kamar tsire, har zuwa Yunin 2023 da aka sake ta kasuwa ta yi mata farashi. Maniyyacin da ya biya ƙasa da naira miliyan 3 a Hajjin 2023, ƙaninsa sai da ya nemi fiye da miliyan 8 a 2025, alhali Makka ba ta ƙara nisa ba. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga 30,000 zuwa 70,000 a 2024, ma'aikaci ya ƙirga ya ga buhun da yake saya a da ya fi ƙarfinsa. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sa'idu ɗan Musayyib yana ƙirga yanke gefen dinari da dirhami cikin ɓarna a bayan ƙasa. Masu yankan da almakashi suke yi a ɓoye. Na yau da sanarwa suke yi a rediyo, su gutsure dukiyar maraya tana cikin akwati a kulle. Malamin tarihin Masar, Al-Maƙrizi, tun a farkon ƙarni na 15 ya rubuta cewa tsadar da ta addabi ƙasarsa ba daga sama kawai ta faɗo ba, cin hanci wajen naɗa masu mulki da cika kasuwa da kuɗin tagulla marasa daraja suna daga cikin musabbabanta. Duk wannan mun yarda. Amma laifi tudu ne. Zaluncin da aka yi maka daga Abuja ba ya zama lasisin da za ka zalunci wanda yake bayanka a sahu.

Da muka nuna kamar muna sha'awar ƙarfin sefa, baƙonmu ya ce mu daina. Faransa ce ta ƙirƙiro ta a 1945, a Faransa ake buga ta, an ɗaure ta da kuɗin Turai a kan sefa 655.957 kowane yuro guda. A Janairun 1994 aka raba darajarta biyu a dare ɗaya, ba a tambayi manomin Magarya ko makiyayin Tanut ba. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, da aka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, su ma sun ɗanɗani layin banki da ƙarancin tsaba. Sojojin Faransa sun fita, kuɗinta suna nan a aljihu. Ya ce tasu akuya ce mai ƙiba a ɗaure a turken wani, tamu kuwa sakakkiya ce amma ƙashi da fata. Mu kuma muka ƙara da cewa riƙe kuɗin wata ƙasa ba laifi ba ne a kan kansa. Annabi (SAW) da sahabbansa da dinarin Rum da dirhamin Farisa suka yi ciniki, sai a zamanin Abdulmalik ɗan Marwan, wajen shekara ta 77 bayan Hijira, aka buga dinarin Musulunci tsantsa. Wanda ya adana dukiyarsa a sefa ko riyal ko dalar Amurka, ya dai sani ana haɗa su da nairarsa wajen cikar nisabi, kuma ɓoye su a silin ba ya ɓoye su daga zakka.

Inda ake zamewa a canjin kuɗin waje shi ne jinkiri, wato riban nasi'a, kuma a nan manyan 'yan kasuwarmu da alhazanmu suka fi faɗawa. Mutum ya kira ɗan canjinsa a Wapa ta Kano, su yanke farashi a waya, ya tura naira yau, a ce ya zo jibi ya karɓi riyal. Dillalin shanu ya karɓi sefa a Maigatari ranar Alhamis, a ce naira sai Asabar. Irin wannan ta faru a gaban Umar ɗan Haɗɗabi (RA). Maliku ɗan Aus ya kawo dinari ɗari yana neman canji, Ɗalhatu ɗan Ubaidullahi (RA), ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, ya karɓa yana jujjuya su a hannu, ya nemi a jira ma'ajinsa ya dawo daga gona. Umar yana ji, ya rantse cewa ba za su rabu ba sai Maliku ya karɓi nasa. Babu wanda yake zargin Ɗalhatu da cin amana. Sharaɗi ne da bai san girman mutum ba. Shari'a kuma ba ta ƙuntata ba, domin majalisar fiƙihun nan ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta ɗauki shigar kuɗi cikin asusun mutum a matsayin karɓa. Saboda haka tiransifa ta wadatar, amma a tsaya har alat ya shigo. Ko mai kantin da ka ba dubu ya fasa maka ita, ba sayayya ka yi ba, ya ba ka ɗari bakwai ya ce ka dawo anjima, malamai da yawa sun hana wannan. Mafita ita ce ka ranci ɗari bakwai ɗin, ka biya daga baya.

Yanzu mu komo ga ajami. Mun yi fushi da aka goge haruffan Larabci daga jikin naira, kuma muna da gaskiya, domin da ajami kakanninmu suka yi mulki da shari'a da wasiƙa kafin boko ya zo. Amma wane irin kishi ne wannan, mu yi jayayya a kan haruffan da ke jikin takarda, mu yi shiru a kan hukuncin Allah da ke kan takardar? Jihar Jigawa ta ƙaddamar da Shari'a a shekara ta 2000. Aikin farko na muhtasibi a tarihin Musulunci kasuwa ne: mudu da sikeli da teburin 'yan canji. Muna yaba wa 'yan Hisba a kan giyar da suke fasawa da gidajen baɗalar da suke rufewa, amma ƙarshen Suratul Baƙara ba mashayi ya yi wa shelar yaƙi daga Allah da Manzonsa ba, wanda ya ƙi barin riba ya yi wa. Mu kanmu masu da'awar gyara, sau nawa muka yi wa'azi a kan bidi'o'in biki, muka ambaci kiɗa da cakuɗa, muka tsallake teburin da ke bakin ƙofa? Ko kuwa don ambulan ɗin da ake miƙa wa malam bayan wa'azi shi ma sababbi ne a ciki, ba a tambayar inda aka samo su?

Muna kira ga limamanmu na Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu su ware huɗuba a kan wannan mas'ala kafin Sallah mai zuwa, lokacin da kasuwar sababbin kuɗi take tashi saboda goron Sallah. Yaro ba ya ƙin tsohuwar ɗari biyar. Majalisun karatu na tsakanin Magariba da Isha su koma babin sarfu, a gayyato 'yan canji da masu POS su zauna a gaba, a saurari yadda sana'arsu take tafiya kafin a ba su fatawa. Duk ɗan uwan da ya san yana wannan ciniki ya tsaya daga yau, ya riƙe uwar kuɗinsa kamar yadda ayar ta ba shi dama, masu hali a cikinmu kuma su taimaka masa da jarin wata sana'a, domin ba a raba mutum da abincinsa a bar shi da wa'azi kawai. Saurayin nan na bakin ƙofa mun same shi mun yi magana da shi a keɓe. Ya rantse bai taɓa jin haramun ne ba, kuma mun gaskata shi.

Baƙonmu ya koma ta hanyar da ya zo. Da ya isa gida ya kira mu, ya ce a Maigatari ya je ya mayar da ragowar nairarsa sefa. Ɗan canjin ya ƙirga ya zuba a akwati, sannan ya ce masa, "Malam, yaro ya tafi ɗauko sefar, je ka yi Azahar ka dawo." Ya ce a ba shi nairarsa tukuna. Ya zauna a kan benci da ledarsa a hannu har yaron ya dawo, aka ƙirga nan aka ƙirga can, sannan ya tafi masallaci.